Kafin ka sayi hitar ruwa ta banɗaki: matakan da ya kamata ka bi tun daga gida har kasuwa

Duk shekara sai hunturu ya kankama, wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu, sannan zaka ga mutane sun cika kasuwannin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano suna tambayar hita, kowa da gaggawarsa, kuma a cikin wannan gaggawar ne ake sayen abinda bai dace da gidan mutum ba. Ni ma haka nayi a karon farko. Mahaifiyata ce ta dawo gidana da zama, ga ta da ciwon gwiwa, ga ruwan tankin sama da asuba kamar an zuba masa ƙanƙara, kullum sai an tashi yarinya ta ɗora tukunya a gas kafin Hajiya ta samu na alwala, wata rana na fito zan tafi masallaci na tarar da ita zaune bakin ƙofar banɗaki da buta a hannu tana jiran ruwa ya yi ɗumi don bata son tashin kowa, wallahi ranar ban iya karyawa ba sai da na shiga kasuwa. Na sayo, na kawo, aka ɗaura, bata yi aiki yadda nake so ba, sai da na sake kashe wani kuɗin. Shi yasa nake son in jero muku yadda ake bi, don zaɓen hita daga gida yake farawa, daga wutar da kake samu da wayar da ke bangonka da ruwan da ke tankinka, shago shi ne na ƙarshe.

Mataki na farko: zauna ka lura da wutar unguwarku

Ka ɗauki sati ɗaya kana lura. Ƙarfe nawa ake kawowa, ƙarfe nawa ake ɗaukewa, kuma in an kawo ɗin da ƙarfinta take zuwa ko kuwa fanka ma da ƙyar take juyawa. Tun da aka raba mutane rukuni-rukuni, 'yan Band A a takarda awa 20 ne mafi ƙaranci a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, to amma kai ka fi kowa sanin abinda ke zuwa gidanka, kuma abinda yafi muhimmanci ga mai hita shi ne: da asuba akwai wuta ko babu? Domin lokacin ne ake neman ruwan zafi, mai wankan tsarki, yara 'yan makaranta, mai fita aiki.

Sai ƙarfinta. Ka nemi mai gyaran wuta ya zo da mitarsa ya auna maka a soket, sau biyu, da rana da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa. Ƙa'idar wutarmu volt 230 ce. In ka ga tana sauka 180, to ka sani hita bata raguwa daidai da yadda wutar ta ragu, ta fi haka faɗuwa, mai wat 1500 zata koma tana bada kamar 900 da 'yan kai, wato abinda zata yi a rabin awa sai ta kusa cinye minti 50. Wannan lissafin shi ne zai raba maka gardama a mataki na gaba.

Mataki na biyu: wace iri?

Iri uku ne a kasuwa in ana maganar dafa ruwan wanka da lantarki.

Akwai wadda ake tsomawa a bokiti, mai nadadden ƙarfe, wadda ɗalibai da gwauraye suka fi amfani da ita. Ita ce mafi araha kuma ita ce nake roƙon ka da kada ka shigar da ita gidan da ke da yara. Ƙarfen da ke ɗauke da wuta yana cikin ruwan kai tsaye, in ya ɗan tsage ruwan gaba ɗaya ya zama wuta, kuma al'adar kowa ce ya tsoma yatsa ya ji ko yayi zafi. Yawancinsu ba su da wayar ƙasa, ba su kashe kansu, in aka manta ruwa ya ƙone sai robar bokitin ta narke. In dole ta sa kana amfani da ita kafin ka samu hali, to a waje da banɗaki, a busasshen wuri, ka zare filogi daga bango kafin hannunka ya kusanci ruwan, ba kashe suwic kawai ba, zarewa.

Sai mai dafawa nan take, ƙaramar nan mai kyau kamar akwati da ake mannawa kusa da shawa, bata da tanki, ruwa na wucewa tana dafa shi. Ita na fara saye, don mai shagon ya ce min "Alhaji wannan ba jira, kana buɗewa zafi", kuma bai yi ƙarya ba, in akwai cikakkiyar wuta a daidai lokacin da kake wankan. Matsalarta guda uku ce. Na ɗaya tana jan wuta sosai, akwai mai wat 3500, akwai 5500, akwai 7000 da sama, ita 3500 ɗin ma ta wuce abinda soket ɗinmu mai fiyus 13 zai ɗauka, dole a ja mata wayarta ita kaɗai mai kauri tun daga akwatin rarraba wuta. Na biyu, ko da cikakkiyar wuta mai 3500 in ruwa na zuba lita 3 a minti, digiri 16 zuwa 17 kawai zata ƙara masa, to ruwan da ya kwana a tankin sama cikin hunturu ya sauka ƙasa da digiri 20, kaga da ƙyar zai kai ɗumin jiki, in wutar ta yi rauni kuma sai dai ka ji ya daina cizo kawai. Na uku tana son ruwa mai ƙarfin turi, in turin ya yi ƙasa ma bata kunna kanta. In aka ɗauke wuta kana cikin sabulu, shikenan. Tawa wata biyu ta yi a bango na sa aka cire. Ban ce bata da amfani ba, wanda ke kan layi mai ƙarfi, gidansa sabon waya, yana da famfon ƙara turi, zai ji daɗinta don bata ɓata wuta wajen ajiye zafi. Amma ga yawancinmu a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato bana bada shawararta.

Ta uku ita ce mai tanki, farar nan da ake ratayewa sama a bango, irin su Ariston da sauransu. Ita tana dafa ruwan a hankali da wat 1200 ko 1500 ko 2000, sannan ta riƙe zafin saboda an lulluɓe tankin da abin da ke hana zafi fita. Abinda yasa ta dace da mu kenan: an kawo wuta ƙarfe 11 na dare, ka kunna, ta dafa, an ɗauke ƙarfe 2, da asuba ka buɗe famfo ruwa da zafinsa. Ko wutar bata da ƙarfi zata dafa, lokaci kawai zata ƙara ci. Duk sauran bayanina akanta ne.

Mataki na uku: lita nawa?

Nan ne mutane ke yin kuskure ta ɓangare biyu, wani ya sayi ƙarama ruwa ya ƙare a mutum na biyu, wani ya sayi ƙatuwa mitarsa ta dinga zuƙe kati yana mamaki. Ka yi lissafi da bokiti tunda shi muka sani. Ruwan hita yana kaiwa digiri 60, ba mai wanka da shi haka, sai an sirka, kusan rabi da rabi da ruwan sanyi ake samun digiri 40 mai daɗin wanka. Don haka hita mai lita 15 zata baka kamar bokiti ɗaya da rabi zuwa biyu na ruwan wanka, mai lita 30 uku zuwa huɗu, mai 50 kuma biyar zuwa shida. Na ce "kamar" ne saboda kana ɗiban na zafi na sanyi na shiga tankin yana rage masa ƙarfi, bokitin ƙarshe baya kai na farko.

In da shawa ake wanka a gidan to lissafin ya canza, shawa na iya zubar da lita 6 zuwa 10 a minti ɗaya, wanda ya tsaya minti 10 ya sha ruwan mutum uku masu bokiti. Banɗakin mai gida da uwargida in bokiti ne lita 15 ta isa, in shawa ce a nemi 30. Banɗakin yara huɗu ko biyar da ke shirin makaranta lokaci guda, 50. Gidan da ake da mata biyu ko uku kowa da sashenta, gara kowane banɗaki da ƙaramarsa akan a sa ƙatuwa ɗaya a ja bututu mai nisa, don duk ruwan da ya kwana a dogon bututu sanyi yake yi, sai ka zubar da rabin bokiti kafin mai zafin ya iso, ga kuma rigimar waye ya ƙarar da ruwa wadda ba sai na yi bayani ba.

Wani abu da maza ke mantawa: in ana jiran haihuwa a gidan kuma za ayi wankan jego yadda aka saba safe da yamma, mai lita 15 bazata ɗauki wannan aikin ba, ko dai a sayi 50 ko a san cewa tukunya zata ci gaba da aiki a wannan kwana 40 ɗin.

Yanzu kuɗin wuta. Ɗaga lita 15 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 0.7, da wat 1500 kusan rabin awa kenan. Lita 30 yunit 1.4, kusan awa ɗaya. Lita 50 yunit 2.3, awa ɗaya da rabi. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin Band A yunit ɗaya ya haura naira 200, to mai lita 30 in sau ɗaya yake dafawa a rana ya kusa naira 300 kullum, a wata wajen 9,000, in safe da yamma ne ka ninka. Ka duba farashin yunit ɗinka a rasit ɗin katin da ka saya ka buga da kanka. Kuma ka lura, yawan wat ba shi ke ƙara kuɗi ba, yawan litar ne, mai wat 2000 da mai 1200 kuɗi ɗaya zasu ci akan lita 30, ɗaya ta fi sauri ne kawai. Inda wuta ke zuwa awa biyu ta tafi mai saurin ta fi, inda waya ta tsufa ko janareto ake son ya ɗauka mai ƙaramin wat ta fi.

Tunda na ambaci janareto: ƙaramin nan na kallo da fanka ko kusa bazai ɗauka ba. Mai 2.5kVA zai iya ɗaukar mai wat 1200 ko 1500 in an kashe firji da dutsen guga, amma man da zai sha ya fi gas ɗin tukunya. Masu sola kuma ku raba layin hita da inbata gaba ɗaya sai in tsarin naku babba ne, batir ɗaya mai 200Ah, volt 12, abinda ya kamata a zuƙa a cikinsa bai wuce yunit 1.2 ba, dafa lita 30 sau ɗaya ya wuce haka. In kuna da faranti da yawa, a kunna ta da tsakar rana lokacin da rana ke bada wuta kai tsaye, zafin zai kai dare.

Mataki na huɗu, wanda ya fi duk sauran: waya, wayar ƙasa da abin katse wuta

Don Allah ka karanta wannan sashen sau biyu. A banɗaki mutum ba takalmi, jikinsa a jiƙe, ƙasa a jiƙe, wutar da zata ɗan fizge ka a falo ka yi tsaki ka wuce ita ce zata kashe mutum a banɗaki. Kuma elemen ɗin hita, wato ƙarfen da ke dafa ruwan, wata rana sai ya huje, ba maganar ko zai huje bane, lokaci ne kawai. Ranar da ya huje wuta zata bi ruwa da jikin tanki ta zo kan famfo. Abubuwa biyu ne ke tsakanin iyalinka da wannan ranar.

Na farko wayar ƙasa, mai launin kore da ruwan ɗorawa, wadda masu wuta ke ce wa at. Gidaje da yawa, musamman na haya da tsofaffin gini, an ja wayoyi biyu kawai an bar ta ukun, ko kuma tana nan a soket amma bata je ko'ina ba. Ka sa mai gyaran wuta ya nuna maka da idonka inda aka kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa da wayar da ta taso daga jikinta zuwa akwatin wuta. In babu a kafa, a wuri mai danshi, kafin a ɗaura hita.

Na biyu ELCB, wasu na ce mata RCD, wadda aka rubuta 30mA a jikinta. Ita ba irin bireka ta kullum bace. Bireka ta kullum waya take karewa kada ta ƙone, sai wuta mai yawa ta wuce take faɗuwa, mutum zai iya mutuwa bata ko motsa ba. Ita ELCB da zarar 'yar wuta kaɗan ta sulale ta bi wata hanya, ko ruwa ko jikin mutum, kafin ƙiftawar ido ta katse. Lokacin da za a ɗaura tawa ta biyu na ce a sa, mai aikin ya ce min "Oga ai ba sai an sa ba, damun ka kawai zata yi da faɗuwa, gidaje nawa na yi ba ita". Na ce masa malam in tana faɗuwa ai magana take min, akwai inda wuta ke zuba, sai mu nemo. Aka sa. Bayan kamar shekara biyu wata safiya ƙaramar 'yata ta zo tana cewa Abba hita taƙi kamawa, duk na tayar da abin sai ya sake faɗuwa, da aka kwance elemen ɗin ga tsaga nan a jikinsa kamar tsawon farce, farin dutse ya lulluɓe shi. Na riƙe shi a hannu na daɗe ina kallo, don yarinyar nan ita ke fara shiga wanka kullum.

Akwai ɗan maɓalli a jikin ELCB mai harafin T, ka dinga danna shi lokaci-lokaci, in ta faɗi lafiyarta ƙalau, in bata faɗi ba a canza ta.

Sauran kayan: hita mai tanki a ja mata layinta ita kaɗai daga akwatin wuta da waya 2.5mm, da birekarta ta amp 16 ko 20, kada a ɗosana ta a layin soket ɗin ɗaki balle layin ƙwan fitila. Mai dafawa nan take 4mm ko 6mm ko fiye gwargwadon wat ɗinta da nisan wurin, takardar cikin kwalinta zata faɗa. Wayar ta zama jan ƙarfe zalla, don kasuwa cike take da wadda aka yi wa fentin jan ƙarfe a sama ciki kuwa wani abu ne daban, ka kankare bakin da wuƙa, in ka ga fari ya bayyana ajiye ta. Na gida irin su Coleman da Cutix da Nigerchin an san su, sai dai su ma ana buga jabunsu, a saya wajen dila na gaskiya. Suwic kuma a sa babban nan mai jar fitila na amp 20 wanda ke katse wayoyi biyun duka, a bangon waje kusa da ƙofa, ba cikin banɗaki ba. Soket kam kada ma a yi shi a ciki.

In kana haya, ka yi magana da mai gida kafin ka sayi komai, ku daidaita waye zai biya sandar ƙasa da ELCB da kuma ko zaka cire hitarka in zaka tashi. In ya ce a ɗaura haka nan ba sai an yi waɗannan ba, gara ka ci gaba da tukunya.

Mataki na biyar: ruwanka

Ka ɗaga kai ka dubi tankinka. Duk tsayin mita 10 ne ke bada turi bar 1 (bar shi ne ma'aunin turin ruwa), yawancin tankunanmu mita 3 ko 4 ne sama da kan shawa, turin kaɗan ne. Mai tanki tana aiki da hakan in dai gindin tankin sama ya fi hitar tsayi sosai, in kusan kai ɗaya suke ruwan zafin zai dinga zuwa kamar hawaye, sai an ɗaga tanki ko an sa ƙaramin famfon turi.

Sai irin ruwan. In na burtsatse ne ko rijiya, leƙa cikin butar da kuke dafa shayi, in akwai farin ɓawo a gindinta to irinsa zai taru a elemen, ya sa ta daɗe bata dafa ba, ta ƙara shan wuta, daga ƙarshe ya fasa shi. In ruwan na zuwa da yashi ko ja-ja a sa matata a bututun kafin ya shiga hita. A cikin tankin akwai wani sanda da ake kira anod, aikinsa ruwa ya cinye shi maimakon ya ci jikin tankin, in ya ƙare sai tsatsa ta kama tanki ya fara yoyo, kuma tankin da ya huje ba gyara. Kusan ba wanda ke faɗa wa mai saye wannan.

Mataki na shida: yanzu ka shiga kasuwa

Ka tafi da mai gyaran wutarka in zai yiwu, ka biya shi kuɗin ranarsa daban don kada ya haɗa baki da mai shago. Ka sa a buɗe kwali a gabanka. Ka duba lambar da ke manne a jikin hitar, lita nawa, wat nawa, 220 zuwa 240, da alamar IPX4 ko sama da haka, ma'anarta tana jure fantsamar ruwa. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, ka duba ko ta lotsa, don lotsawar waje na iya fasa shafen da ke cikin tanki. Ka tabbata bawul ɗin kariya yana cikin kwalin da ƙugiyoyin ratayewa da takardar waranti, a buga mata hatimin shago da kwanan wata, ka karɓi rasit.

Tambayar da nafi so ka yi ita ce: "in elemen ya mutu ko tamostat ko anod, kuna da shi?" Tamostat shi ne abinda ke kashe wutar hita in ruwa ya kai zafin da aka saita. Mai shagon ya ɗauko ya nuna maka. Hita mai sunan da ba a sani ba ko ta fi araha da dubu goma sha, ranar da elemen ya tafi in babu irinsa a gari ka yi asarar duka. Ta gwanjo kuma, ba ka ganin cikin tankin, ban hana ba amma sai an cika ta da ruwa an kunna a gabanka an auna ko wuta na bin jikinta. Akwai ta tsaye akwai ta kwance, ta tsaye ta fi raba ruwan zafi da na sanyi a ciki, ta kwance sai inda silin ya yi ƙasa, kuma kada a kwantar da wadda aka yi don tsayuwa.

Ka ware kuɗin waya da suwic da bireka da ELCB da bututu da aikin mutum biyu, mai wuta da mai famfo, tun farko ka haɗa da kuɗin hitar, wannan jimlar ita ce farashinta na gaskiya. In kuɗin bai kai ba a rage lita, kada a rage kayan kariya.

Mataki na bakwai: ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin

Lita ɗaya kilo ɗaya ce, mai lita 50 in ta cika da nauyin ƙarfenta ta doshi kilo 70, ya fi buhun siminti, kuma sama da kan mutane zata rataya shekara da shekaru. Bulon inci 6 mai rami ba a yarda da ƙusa da katako a cikinsa ba, a nemi inda aka zuba kankare ko a huda bango a ratsa da dogon ƙarfe a ɗaure ta baya. A nisanta ta daga inda ruwan shawa ke fantsama, aƙalla santimita 60 daga gefen wurin wankan, a bar fili ta ƙasa yadda za a iya zaro elemen ba sai an sauke ta ba.

Bakin da ke da shuɗin zobe na shigar ruwan sanyi ne, mai ja na fitar zafi. Bututun zafi a sa PPR, koren nan da ake narka bakinsa da zafi a haɗa, farar roba ta kullum laushi take yi ta saki. Bawul ɗin kariya a bakin shuɗi ake ɗaura shi, kuma zaka ga yana ɗan ɗiga in hita na dafawa, wannan aikinsa ne, ruwa in ya yi zafi kumbura yake dole ya samu mafita. Mai aikin famfo na ya ɗauko abin toshewa zai rufe bakin wai kada ya ɓata min tayil, na riƙe hannunsa. In aka toshe kuma wata rana tamostat ya ƙi kashewa, tankin fashewa zai yi. A sa masa ɗan siririn tiyo ya sauka zuwa magudana, magana ta ƙare.

Kafin a kunna wuta a buɗe famfon zafi a bar ruwa ya shiga har sai ya daina tari da iska yana zuba sosai, alamar tanki ya cika kenan. Kunna hita ba ruwa minti kaɗan ke ƙone elemen, kuma wannan zai iya faruwa ko bayan shekara, duk ranar da tankin sama ya ƙafe, don haka a koya wa kowa a gidan: in famfo ba ruwa, ba a taɓa jan suwic.

Tamostat a barshi wajen digiri 55 zuwa 60. In aka yi ƙasa sosai, ruwa mai ɗumi-ɗumi da ke zaune a tanki wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne, in aka ƙure shi kuma farin dutse ya fi saurin taruwa ga ƙuna. Ko a 60 ɗin ma daƙiƙa kaɗan ya isa ya sale fatar yaro, a saba musu da fara zuba na sanyi a bokiti sannan na zafi, ƙananan kuma babba ya haɗa musu. Tsofaffi masu ciwon suga da ƙafarsu bata jin zafi sosai su ma a dinga taɓa musu ruwan. Mu a gidanmu doka ce, a kashe suwic kafin a shiga wanka, ruwan ya riga ya yi zafi ba abinda za a rasa.

Masu tambayar hitar ɗumama iskar banɗakin kanta saboda tsoho ko jariri, akwai ta bango da ake kafawa can sama, ita ma da sharuɗɗan nan na wayar ƙasa da ELCB da IPX4, amma ta ɗaki mai ja-jan sanduna da ake ajiyewa a ƙasa kada ta shiga banɗaki da doguwar waya. Kaskon gawayi kuwa a rufaffen banɗaki ko ɗaki ya fi komai haɗari, iskar da yake fitarwa bata da wari bata da launi, mutum jiri kawai zai ji ya zube. Sau da yawa in ka rufe taga ka tara ruwan zafi a bokiti minti biyar kafin a shigo da tsohon, tururin ma ya wadatar.

Sannan duk shekara, wajen Oktoba ko farkon Nuwamba kafin sanyi ya shigo masu aiki su yi tsada, ka kira mai gyara ya kashe wuta, ya zubar da ruwan tankin, ya zaro elemen ya kankare farin dutsen, ya duba anod in ya cinye ya sa sabo, ya ɗaga hannun bawul ɗin kariya ya ga ruwa na fita, ya matse wayoyin suwic don suna saki da zafi. In ko da sau ɗaya wani a gidan ya ce ya taɓa famfo ya ji ɗan tsir a yatsa, a sauke birekar hitar a ranar, a manna mata takarda, kada a sake tayarwa sai mai wuta ya zo ya auna.